Wadda Ta Ƙwace Mini Tausar Inna

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san abin da hakan yake nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan dole ta kama sai ta ce "waccan", ko "babbar", ko kuma ta dubi bango ta ce, "A ce mata ta rufe tukunyar nan," alhali ina tsaye kusa da ita har ina jin numfashinta. Kunyar ɗan fari ce, Inna kuwa ta riƙe ta da hannu biyu, irin riƙon mutanen da. Da aka yaye ni aka kai ni wurin kakata a Lajawa, can na yi wayo. Ƙannena su suka san cinyarta, su ake yi wa kitso ana zaginsu ana dariya. Ni idan na zo gida Kausani hutu baƙuwa ce, a zuba mini abinci mai kyau a kwano mai kyau, a tura mini shi ba tare da an kalle ni ba.

Ban ɗauki abin da zafi ba, don kuwa haka na ga ana yi wa kowace 'yar fari a garinmu. Kuma ina da abu guda da ba wanda ya isa ya raba ni da shi, wato tausa. Ina yarinya ta fara. Inna ta dawo daga roron wake ta zube a tabarma, ta miƙe ƙafafu ta ce, ba da kowa take ba, "Ƙafafun nan kamar ba nawa ba." Ƙannena suka watse, don sun san aiki ne zai biyo baya. Ni na matsa na ɗauki ƙafar na ɗora a cinyata, ina jiran ta janye. Ba ta janye ba. Ta rufe ido kawai, ta bar ni ina matsa mata ƙwauri da ƙananan hannayena har aka kira magariba.

Daga ranar tausar Inna ta zama tawa. Na yi aure, na zama malamar firamare a Wudil, na haifi nawa 'ya'yan, ba abin da ya canza. Bayan rasuwar Baba ƙanena ya ɗauko ta daga Kausani ya kawo ta gidansa a Sabon Gari, nan cikin Wudil, layi kaɗan tsakaninsu da gidana. Kullum bayan la'asar sai in saka hijabi, in ɗauki ɗan gwangwanin man kaɗanyata, in tafi. In gaishe ta, ta amsa a taƙaice tana kallon wani wuri. Can sai ta miƙe ƙafafu kamar ba da niyya ba. In narka man a tafin hannuna, in fara daga diddige, in hau ƙwauri, in zo gwiwa, sannan ta ɗan juya ta ba ni baya. Ba ma magana. Rediyo yana ta surutunsa, yara suna ta guje-guje a tsakar gida, ni da ita shiru. Wannan shirun shi ne hirarmu, kuma ni ya ishe ni.

Ciwon bayan ne ya fara yin nauyi a hankali. Da farko tashi daga tabarma ne sai ta dafa bango, daga baya ruku'u ya gagara, ta koma yin sallah a zaune. Wannan ya fi ciwon kansa ɓata mata rai. Muka kai ta asibiti, likita ya ce shekaru ne da aikin wahala, ya rubuta magani. Tana sha, yana lafawa, yana dawowa. Ni kuma na ƙara ƙaimi a tausa, na haɗa da man zafi, ina murza bayan nan har hannuna ya yi ja. A raina ina cewa idan akwai wanda zai tayar da Inna tsaye, to ni ce.

Sai Sista ta tare a gidan da yake jikin katangar gidan ƙanena. Nas ce a asibitin jami'a, Kirista, 'yar can wajen Filato, gajeruwar mace mai faɗin kafaɗa da dariyar da ake jiyowa daga bakin titi. Kowa Sista yake ce mata, har yara. Hausarta irin ta Jos ce, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ka" ne a wurinta. Ranar da famfonsu ya ɗauke ta shigo ɗiban ruwa a rijiyar gidan ƙanena, ta tarar da Inna tana ƙoƙarin miƙewa da bango. Ta ajiye bokiti ta kama ta. Abin da ya biyo baya ban gani ba, ina makaranta. Matar ƙanena ce ta ba ni labari daga baya, wai sun yi ta hira kamar sun daɗe da sanin juna.

Abin da na gani da idona shi ne na washegari. Na yi sallama na ɗaga labulen ɗakin, sai ga Inna kwance rub da ciki a tabarma, da rigarta da zaninta, Sista durƙushe a gefenta. Babu mai, babu kwalba, babu komai. Ta kafa manyan yatsunta biyu a gefen ƙashin bayan Inna, ta miƙe hannayenta, ta jingina nauyinta a kai, ta tsaya cak. Ba ta murzawa, ba ta matsawa, dannawa kawai take yi tana jira.

"Mama, ka saki numfashi," in ji ta. "Nan ne?"

"Ƙasa kaɗan," in ji Inna.

Sista ta ɗaga yatsun ta sauko da su. "Nan?"

"Wayyo, nan ne. Nan ɗan banzan yake zaune."

Na tsaya da labule a hannu kamar an dasa ni. Tun ina yarinya nake tausa bayan nan, ban taɓa jin Inna ta ce ga inda yake mata ciwo ba. Ban ma san ciwon yana da wurin zama ba. Ga wata da ta zo jiya, ana nuna mata ƙofarsa, har da ba shi suna. Sista ta ɗago ta yi mini murmushi ta ce, "Malama, sannu da zuwa, ka shigo mana." Na shiga na zauna a bakin gado, gwangwanina yana cikin hijabi, ban fito da shi ba.

Da ta gama ta yi mana bayani tana goge gumi. Wai sunan abin shiyatsu, daga ƙasar Japan ya samo asali, ita kuma a wani kwas ta koya, lokacin da take aiki da masu gashin ƙashi. Akwai wurare a jiki da idan tsoka ta ɗaure aka danna su aka jira, sai ta saki. Ta ja kunnen Inna cewa wannan ba ya maye gurbin magani, ta ci gaba da shan na likita, kuma ranar komawa asibiti ta koma. Inna tana ta gyaɗa kai kamar ɗaliba. Ni na ce, "Allah ya saka da alheri," da muryar da ko ni ban yarda da ita ba.

A hanyar gida na fara tara laifuffuka. Wannan ai ba tausa ba ce, dannawa ce, kamar mai gwada nunar mangwaro a kasuwa. Tausar da ba mai, ta ina za ta shiga jiki? Kuma yaushe ta san Inna da za ta riƙa ce mata "ka"? Na juye wa maigidana duk wannan yana cin tuwo. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To ita Innar ta ce ta ji daɗi?" Na ce ban tambaye ta ba. Ya yi dariya har ya ƙware, na ƙi ba shi ruwa sai da ya roƙa.

Na je wa ƙanena ta wata hanyar. Na ce masa jikin tsofaffi ba abin wasa ba ne, kar a je a danna wani wuri a jawo mana abin da ya fi wannan. Ya ce ai ya riga ya tambayi likitanta, likita ya ce ba matsala in dai a hankali ne kuma ba a kan ƙashi ba. Na ce to madalla, raina kuwa ba haka ya so ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin ya yi aiki. Ba wai ciwon ya tafi ba, amma ya sassauta ƙwarai. Wata la'asar na shigo na tarar da Inna tsaye a kan darduma. Na ga ta sunkuya ta yi ruku'u, a hankali, ta ɗago ba ta dafa komai ba. Matar ƙanena tana bakin murhu tana share hawaye da gefen zani. Ni ma na yi murna, Allah ya sani na yi, idona ya ciko. Amma a ƙarƙashin murnar akwai wani abu yana ci kamar garwashin da aka rufe da toka, domin ba hannuna ne ya tayar da ita ba.

Daga nan Sista ta shige ran Inna gaba ɗaya. Idan an kawo daddawa daga Kausani, a ware ta Sista. Idan ƙanena ya sayo kifi a bakin gada, Inna ta ce a ɗebe mai tsoka a miƙa ta katanga. Ran Lahadi ta riƙa sauraron dawowarsu daga coci, ta ce, "Yau sun daɗe." Kuma "'yata" take ce mata, ƙiri-ƙiri, da cikakken baki. "'Yata ta shigo?" "A ajiye wa 'yata fura." Ni da ta haifa ina zaune a wurin ina tsince shinkafa, ina "waccan". Na san ba da gayya take yi ba. Don Sista ba 'yarta ba ce shi ya sa kalmar take fita da sauƙi. Sanin hakan bai rage mini komai ba.

Har hira suke yi, wadda ban taɓa sanin Inna tana da ita ba. Wata rana mun haɗu da Sista a ƙofar gida, ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, ashe kai ne ka ba Mama wannan ciwo." Na ce kamar yaya? Ta ce ai Mama ta gaya mata tun tana da cikina bayan ya fara, wai da tsohon ciki ta zame a bakin rijiya da tulu a kai, ba ta gaya wa kowa ba don kunya. Ta faɗa tana dariya, ita a wurinta labari ne mai daɗi. Ni kuwa na yi dariyar yaƙe na wuce. Labarin da ya shafe ni tun ina cikin ciki, sai a bakin maƙwabciya na ji shi.

Sannan sai ƙafafun suka daina miƙewa. Sista takan shigo da ta taso daga aiki, kafin ni in iso an gama, kuma ta ce a bar jiki ya huta bayan dannawar. In zo in gaishe da Inna, ta amsa, ta ci gaba da jan carbinta, ƙafafunta a naɗe a ƙarƙashin zani. In zauna in zauna, in tashi in ce sai gobe. In koma gida man ya narke a gwangwani don zafin jikina, ban buɗe shi ba. A da ba na rasa abin yi a ɗakin nan ko da ba a ce mini uffan ba. Yanzu na zama mai zuwa gaisuwa kamar kowa, kuma wadda ba a iya yi wa hira.

Na yanke shawarar zan koya. Da farko girman kai ya hana ni zuwa wurinta, na riƙa kallon bidiyo a waya ina gwadawa a bayan maigidana. Bawan Allah ya yi haƙuri na ɗan lokaci, ranar da na danna masa wani wuri a kafaɗa ya yi tsalle ya ce shi lafiyarsa ƙalau, kar in nema masa ciwo. Dole na haɗiye girman kan na ƙwanƙwasa ƙofar Sista. Na so a ce ta yi rowa, ko ta ja mini rai, in samu abin riƙewa. Sai matar nan ta rungume ni tana murna, ta ture teburin falonta gefe ta shimfiɗa bargo. Mutum ya rasa ta inda zai ƙi ta, wannan ma wani abin haushi ne.

Ta koya mini da gaske, ba ta ɓoye komai ba. Ba da ƙarfin yatsa ake yi ba, in ji ta, da nauyin jiki ne, a miƙe hannu a jingina. Ba a hawa kan ƙashi. A shiga a hankali lokacin da mutum yake sakin numfashi, a tsaya, a fita a hankali. Ta kwantar da ni ta yi mini don in ji a jikina, kuma sai dai Allah ya yafe mini, na so in ce ba daɗi amma har gyangyaɗi na yi. Abin da ta fi maimaitawa shi ne tambaya. "Rabin aikin tambaya ne, Malama. Jikin nasa ne, shi ya san wurin. Ka danna, ka tambaya, ya ce sama ko ƙasa, ya ce ƙara ko rage. In ba ka tambaya ba, zato kawai kake yi." Na ce na ji. Ban tsaya na yi tunanin abin da hakan yake nufi a gare ni ba, hankalina yana kan yatsuna.

Da Disamba ta zo aka rufe jami'a, Sista ta haɗa kayanta ta tafi gida Kirsimeti. Inna ta ba ta kuka da kuɓewa busasshiya ta kai wa mahaifiyarta, ta raka ta har zaure, abin da ban taɓa ganin ta yi wa kowa ba. Ba a daɗe ba sanyi ya sauko sosai, bayan ya sake ɗaurewa. Na shigo na tarar da ita tana sallah a zaune. Na tausaya mata, amma ba zan ɓoye ba, wani ɓangare na zuciyata cewa ya yi, yau ga ranarki.

Na ce wa matar ƙanena ta gaya mata ta kwanta. Ta gaya mata. Inna ta kwanta rub da ciki ta juya fuska bango. Na durƙusa yadda aka koya mini, na laluba gefen ƙashin bayan, na kafa yatsuna, na jingina. Zuciyata tana bugawa kamar ranar da na fara shiga aji.

Na ce, "Nan ne?"

Shiru.

Na sauko kaɗan. "Inna, nan ne?"

Ko motsi ba ta yi ba. Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Matar da ba ta taɓa ce mini "miƙo mini buta" kai tsaye ba, ita nake jira ta ce mini ga inda jikinta yake ciwo, ta yi nishi a gabana, ta ce ƙara ko rage. Tausata ta da ba ta buƙatar baki, shi ya sa ta yiwu a tsakaninmu. Wannan kuwa sai da amsa.

Na ci gaba da zato. Na danna nan, na danna can. A wani wuri na ga yatsun ƙafarta sun lanƙwashe, amma ban sani ba ko na samu wurin ne ko cutar da ita nake yi, kuma na san ko wuƙa na soka mata ba za ta ce mini wayyo ba. Matar ƙanena ta so ta taimaka, ta leƙo ta ce, "Inna, wai nan ne?" To ita ma suruka ce, akwai tata kunyar. Inna ta ce, "Ba komai, ya isa haka." Ta tashi zaune da ƙyar, ta ja mayafi ta rufe kafaɗa. Can ta dubi ƙofa ta ce, "Yaushe ne ma ake komawa makarantar su 'yata?"

Ban san yadda na fito daga gidan ba. Na bi layi ina tafiya da sauri, hawaye yana zubo mini cikin hijabi, ina amsa gaisuwar mutane da ka. Na koyi komai, yatsuna sun iya, nauyina ya fi na Sista ma, amma abin da na rasa ba a yatsa yake ba. Ina isa gida na ɗauki waya na kira ta, ban ma san me zan ce ba, haushi ne kawai yake neman inda zai sauka.

Ta ɗauka cikin hayaniya, ana ta buga tukwane, wasu suna rera waƙar coci a bayanta. Na ce mata bayan Inna ya tashi, na gwada, ban samu wurin ba. Ta ce, "Ka tambaye shi mana." Na ce na tambaya, ba ta amsa ba, kuma ba za ta amsa ba. Ta ce saboda me? Sai na tsinci kaina ina yi wa maƙwabciya bayanin abin da ban taɓa yi wa kowa bayaninsa ba, cewa ni 'yar fari ce, a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, ba ta nuna masa rauninta. Na ji ta matsa daga cikin hayaniyar.

"Na taɓa jin ana faɗa," in ji ta, "na ɗauka abin da ne. Ni duk zamana da ku na ɗauka faɗa kuka yi da Mama. Har addu'a nake muku ku shirya."

Na yi dariya ina kuka. Ita ma ta yi. Sannan ta ce, "To gobe in ka je, ka kira ni. Ka sa ni a sifika."

Washegari bayan la'asar na je. Na kira Sista, na buɗe muryar, na ajiye wayar a tabarma kusa da kan Inna. Da ta ji "Mama, ina wuni?" sai fuskarta ta washe kamar an kunna fitila. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya mutanen gida, ya sanyi, ya mai jiki, an kai kukar? Ina durƙushe a gefe ina jira kamar ɗan aike. Sannan Sista ta ce, "Mama, ka kwanta, za mu yi aiki." Inna ta kwanta ba musu.

Na kafa yatsuna. Sista ta ce, "Malama, ka shiga?" Na ce na shiga.

"Mama, ka saki numfashi. Nan ne?"

Inna ta dubi wayar ta ce, "Ƙasa kaɗan."

Na sauko.

"Nan fa?"

"Ta ɗan matsa dama."

Na matsa dama. Sai na ji shi a ƙarƙashin babban yatsana, wani ƙulli mai tauri kamar ƙwallon goruba, a wurin da na sha wucewa ta kansa da mai shekara da shekaru ban tsaya ba. Na jingina nauyina a hankali. Inna ta saki wani dogon nishi ta ce, "Wayyo, nan ne, 'yata, nan ne." Da wayar take. Na cije leɓe na tsaya a wurin ina jira, har na ji ƙullin ya fara saki yana laushi.

Haka muka bi bayan nan gaba ɗaya, Sista tana tambaya daga Filato, Inna tana ba waya amsa, ni ina dannawa. A ƙara, a rage, sama, ƙasa. Ban taɓa jin Inna ta yi magana mai yawa haka hannuna yana jikinta ba. Gumi ya jiƙa mini hijabi duk da sanyin, yatsuna suna zogi, ban ɗaga ba sai da Sista ta ce ya isa.

Inna ba ta tashi nan take ba. Ta ɗan motsa kafaɗa, ta lanƙwasa baya ta miƙe, tana sauraron jikinta. Sannan ta matso da bakinta kusa da wayar ta ce, "Yau hannun ya fi na kullum."

Sista ta fashe da dariya. "Mama, ni hannuna yana cikin kwaɓin cincin."

"To, ni dai na faɗa," in ji Inna. Ta ja mayafinta, ta shiga tambayarta ko dankalin Turawa ya yi araha a can, ta taho mata da shi.

Ina durƙushe a bayanta, hannayena a kan cinyata. Tun da aka haife ni ban taɓa samun yabo daga bakinta ba sai ranar, kuma na san ba zan sami wanda ya fi shi ba. Na ji daɗin da ban san inda zan sa shi ba. Amma ko a cikin daɗin sai da na harari wayar nan da take kwance kusa da kuncinta, a wurin da ban taɓa kai fuskata ba. Tsakanina da Inna bai kai kamu ɗaya ba, amma sai da maganar ta hau duwatsun Filato, ta shiga kunnen wata, sannan ta dawo ta same ni.